Ƙarin Albashi: Tsakanin Kunyar Ma'aikaci da Shirun Maigida

A ranar 29 ga watan Yulin 2024 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000 a wata, bayan an shafe watanni ana kai ruwa rana tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, har da yajin aikin gama-gari na farkon watan Yuni wanda ya jefa ƙasar cikin duhu, ya kuma tsayar da zirga-zirgar jiragen sama. Daga bisani jihohi suka bi sahu, kowace da gwargwadon ƙarfinta: Kano ta yanke Naira 71,000, Kaduna Naira 72,000, Legas kuwa Naira 85,000. Ma'aikatan gwamnati dai sun samu abin da suka samu, ko da yake an yi ta taƙaddama a wurare da dama a kan aiwatar da ƙarin, musamman ga malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

To amma akwai wani babban rukuni na ma'aikata da wannan hayaniya ta wuce ta saman kansu kamar hadarin da bai zubar da ruwa ba. Dokar da kanta ta cire wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da hannunsu ya yi, da masu ƙodagon gona na lokaci zuwa lokaci. Ƙididdigar Hukumar NBS kuwa ta nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan suna neman abincinsu ne a wajen tsarin aikin da hukuma ke da rajistarsa. Ke nan malamar makarantar kuɗi ta unguwa, da mai zuba mai a gidan mai, da maigadi, da direban gida, da yaron shago a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa, da ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin kuɗi, da leburan da ɗan kwangila ya kai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, akasarinsu ba su da wata ƙungiya da za ta yi magana da yawunsu. Teburin sulhunsu shi ne ƙofar ofishin maigida, wakilinsu kuma shi ne bakinsu.

A kan waɗannan bayin Allah ne wannan jarida take son ta yi tsokaci. Ra'ayinmu shi ne, ma'aikacin da ya nemi ƙarin albashi cikin ladabi da hujja bai yi butulci ba, bai kuma yi roƙo ba, ciniki ya tayar a kan hajar da ta fi kowace tsada a wurinsa, wato lokacinsa da ƙarfinsa. Maigidan da ya saurare shi da idon basira kuwa dukiyarsa yake karewa. Abin takaici shi ne, a ƙasar Hausa wannan magana ta zama tamkar abin kunya ga mai nema, abin ɓacin rai ga wanda aka nema a wurinsa, sai kowa ya yi gum, ɓarna kuma tana ci ta ƙarƙashin ƙasa.

Duk wanda ya waiwayi tarihin ƙwadago a ƙasar nan zai ga cewa da wuya a samu ƙarin da ya zo wa ma'aikaci yana zaune. A 1945, lokacin da tsadar rayuwa ta Yaƙin Duniya na Biyu ta gallabi jama'a, ma'aikata ƙarƙashin jagorancin irin su Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa sun yi yajin aiki na sama da kwana 40 kafin Turawan mulkin mallaka su kafa kwamitin da ya amince da ƙarin alawus na tsadar rayuwa. A 1949 'yan sanda suka bindige masu haƙar kwal 21 a Inugu a kan rikicin haƙƙin aiki. A 1981, sai da NLC ta Hassan Sunmonu ta tafi yajin aiki sannan gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, Naira 125 a wata. Haka aka ci gaba: Naira 5,500 a 2000 zamanin Obasanjo, Naira 18,000 a 2011 zamanin Jonathan, Naira 30,000 a 2019 zamanin Buhari, kowanne sai da aka yi sa-in-sa. Idan gwamnati mai baitulmali ba ta ƙara albashi sai an matsa mata, to me zai sa a zaci ɗan kasuwa mai lissafin riba da faɗuwa zai wayi gari haka kawai ya ce ga ƙari?

Akwai kuma darasi na biyu a cikin wannan tarihi, wanda ya kamata mai nema da mai bayarwa su riƙe. Yawan lambobi a takardar albashi ba shi ne arziki ba. Naira 125 ta 1981 ta haura Dalar Amurka 200 a canjin wancan lokaci, alhali Naira 70,000 ba ta kai Dala 50 ba a ranar da aka sanya wa dokarta hannu. Dattawanmu kuma ba su manta da ƙarin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ba, lokacin da aka biya ma'aikata ariyas mai yawa a dunƙule, kasuwa ta ji ƙamshin kuɗi, farashi ya yi tashin gwauron zabi, cikin ɗan lokaci ƙarin ya narke. Ma'aunin albashi na gaskiya shi ne kwano nawa na hatsi zai saya, kuɗin mota na kwana nawa zai biya, kuma me zai rage bayan kuɗin haya da na makarantar yara.

Da wannan ma'auni za a fahimci irin ƙuncin da ma'aikaci ya shiga tun daga 2023. Kafin a janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin hukuma; zuwa watan Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000. Dala da ake canzarwa wajen Naira 460 a banki ta wuce Naira 1,500 a cikin 2024. NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Ma'anar wannan a aljihun talaka ita ce, wanda yake karɓar Naira 50,000 a ƙarshen 2023, aka bar shi a kan haka har ƙarshen 2024, to abin da kuɗinsa ke saya bai wuce na kimanin Naira 37,000 ba a farashin shekarar da ta gabata. An rage masa albashi ke nan ba tare da kowa ya rubuta masa takarda ba. Ko wanda aka yi wa ƙarin kashi 20 cikin 100 a wannan shekara baya ya ci. Gaskiya ne cewa alƙaluman hauhawar farashi sun sassauto a 2025, farashin wasu kayan abinci ma ya ɗan sauka, sai dai raguwar saurin hawa ba ta nufin an koma ƙasan tsani. Mai gidan haya bai rage ko kwabo ba, haka mai makaranta, haka mai kantin magani.

Me ya sa duk da wannan hali ma'aikacinmu ya gwammace ya mutu da ciwonsa a ciki? Bahaushe gwanin ciniki ne. Zai tsaya a kara ya shafe sa'a guda yana tayin rago, mai rago yana cewa albarka, shi yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har a daidaita a sallama, kuma babu wanda zai ce wani ya ci mutuncin wani. Amma ranar da za a ɗauke shi aiki, aka tambaye shi nawa za a biya shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, ai ko nawa aka ba ni Allah Ya yi albarka. Wannan kawaici yana da asali mai kyau. A tsohon tsarin kasuwancinmu yaro ɗan gida ne: maigida ke ciyar da shi, ya yi masa ɗinkin Sallah, ya ɗauki nauyin jinyarsa, ya yi masa aure, in ya ƙware kuma ya sallame shi da jari. A irin wannan zama, kawo maganar albashi rashin ta ido ne, domin abin da yaro ke samu ya fi albashi.

Sai dai zamani ya juya. A wurare da yawa rabin wannan tsari ne ya rage, kuma rabin da ya rage shi ne wanda ke amfanar maigida. Har yanzu ana son yaro ya yi biyayyar ɗan gida, ya yi sammako ya kai dare, kada ya ɗaga ido, amma babu ɗinki, babu jinya, babu ranar sallama. In ya yi kuskure a tuna masa cewa shi ma'aikaci ne, in ya nemi haƙƙi a tuna masa cewa shi ɗa ne. Ga kuma tsoron da ya fi kunya ƙarfi, wato sanin cewa akwai matasa rututu a waje masu jiran gurbinsa, musamman tun bayan da masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antu da dama a Kano suka durƙushe. Wasu masu ɗaukar aiki sun mayar da wannan tsoro makami, da an buɗe baki sai su nuna ƙofa.

Masu fakewa da addini su ce neman ƙari rashin godiya ne ko ƙarancin tawakkali, su ma ya kamata su sake nazari. Malaman fiƙihu sun sanya sanin ladan aiki tun kafin a fara shi cikin sharuɗɗan ingancin ijara, domin a toshe ƙofar jayayya. A ƙissar Annabi Musa (AS) da dattijon Madyana an fayyace wa'adin aiki da sakamakonsa tun kafin a shiga. Annabi Yusuf (AS) kuwa da bakinsa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya kuma ambaci amanarsa da iliminsa, wanda ke nuna cewa mutum ya faɗi abin da ya iya a inda ya dace ba girman kai ba ne. Gargaɗin da addini ya yi mai tsanani yana kan wanda ya ci moriyar ma'aikaci ya tauye masa haƙƙi ko ya yi ta ja masa rai. Kiristoci ma haka littafinsu ya koyar. Babu inda aka ce mai aiki ya ƙulle bakinsa iyalinsa suna kwana da yunwa.

Amma kamar yadda nema yake halal, haka yake da ladubbansa, kuma a nan ne da yawa daga cikin ma'aikatanmu suke yin tuntuɓe. Na farko, a san farashin kasuwa. Kafin mutum ya tunkari maigidansa, ya bincika nawa ake biyan masu irin aikinsa a wurare biyu ko uku makamantan nasa, a garinsu, ba a Abuja ko Legas ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Wanda bai san darajar hajarsa ba ko dai ya karyar da ita, ko ya faɗi kuɗin da za a yi masa dariya.

Na biyu, a zo da hujjar aiki kafin a zo da kukan gida. Haihuwa da rashin lafiya da kuɗin haya dalilai ne na neman taimako, kuma taimako na rana ɗaya ne, ana bayarwa a manta. Ƙarin albashi kuwa a kan amfanin da mutum yake kawowa ake gina shi. Malami ya nuna yawan ajin da aka ƙara masa da sakamakon ɗalibansa. Yaron shago ya nuna cewa shi ke riƙe da littafin bashi, shi ke zuwa sari, kuma shekara kaza ba a taɓa samun giɓi a hannunsa ba. Direba ya nuna tsawon lokacin da ya yi bai jawo asara ba. Bayan wannan ne tsadar rayuwa za ta shigo a matsayin ƙarin hujja.

Na uku, a zaɓi lokaci da wuri. Ba a tare maigida a gaban baƙi ko a gaban sauran ma'aikata, domin ko yana da niyya, girma zai hana shi amsawa. Ba a zuwa ranar da kaya suka maƙale a hanya ko aka tafka asara. Makarantu suna tsara kuɗinsu ne kafin sabon zangon karatu, kamfanoni kafin sabuwar shekara, 'yan kasuwa kuma sukan yi lissafi bayan cinikin Sallah ko lokacin fitar da zakka. Wanda ya zo bayan an rufe lissafi ya fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, a faɗi adadi. Cewa a duba ni ko a taimaka a ƙara wani abu tana ba wanda ake nema damar ya ƙara abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce ai ya yi. Babu laifi mutum ya ce: "Ranka ya daɗe, shekarata uku a nan a kan albashi ɗaya, aikin da ke hannuna ya ƙaru, ga abin da ake biya a wurare irin namu, ina neman a mayar da ni kaza." In wurin aikin na takarda ne, a rubuta a ajiye kwafi. In kuma na gargajiya ne, al'adarmu ta yarda a bi ta hannun wani dattijo da maigida ke jin nauyinsa. Idan kuɗi ya gagara, akwai abin da zai iya tsayawa a madadinsa, kamar kuɗin mota, ko abincin rana, ko rage sa'o'in aiki, ko sassauta kuɗin makarantar 'ya'yan malami a makarantar da yake koyarwa. In an ce a yi haƙuri, to a nemi sanin zuwa yaushe, domin haƙurin da ba shi da wa'adi sunansa hani.

Na biyar, a guji barazanar da ba za a iya cikawa ba. Magana zarar bunu ce. Wanda ya ce in ba a ƙara ba zai tafi, alhali ba shi da inda za shi, ya sayar da mutuncinsa da araha. Haka kuma ƙaryar cewa wani wuri ya yi masa tayi takan tonu, garin kuwa ƙarami ne. Mafi muni shi ne huce haushi a kan aiki, ta hanyar makara da ha'inci da taɓa abin da aka ba mutum amana. Ƙarancin albashi ba ya halatta cin amana, hasali ma yana rushe hujjar mai nema ne gaba ɗaya.

Adalci ne kuma mu faɗi cewa su ma masu ɗaukar aiki ba a kan gadon ƙilisa suke ba. Kuɗin wutar lantarki ga manyan masu amfani da ita na rukunin A ya ninka fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen wannan shekara, abin da ya sa rance ya gagari ƙananan masana'antu. Mai makarantar unguwa yana tsakanin iyayen da ba su iya biya da malaman da ba su iya jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kowane a'a ne na mugunta ba.

Duk da haka, muna tunatar da iyayen gida cewa araha ba ta ado. Ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa a kuɗin mota kafin tsakiyar wata, jikinsa ne kawai ke wurin aiki, hankalinsa yana can wurin mai bin sa bashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: awon da ba ya cika a gidan mai, da kayan da ke ɓacewa a sito, da malamin da ke barin aji ya tafi haya da babur, sau da yawa daga nan suke farawa. Ranar da ƙwararren ma'aikaci ya tafi kuwa, yakan tafi da sirrin aiki da abokan ciniki, sabon da za a kawo kuma sai an yi watanni ana koya masa ana tafka asara. Maigida mai hangen nesa ba ya jira a zo a same shi. Yakan sanya lokaci sau ɗaya a shekara ya duba albashin mutanensa, in da hali ya ƙara, in babu ya kira su ya buɗe musu gaskiyar lamari. Mutane sukan jure talauci tare da wanda ya gaya musu gaskiya, abin da ba sa jurewa shi ne a ce musu babu, alhali suna ganin sabuwar mota tana shigowa gida.

Hukuma ma tana da nata kason. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da farawa, amma mutum nawa ne a cikin waɗanda muka lissafa suka taɓa ganin irin wannan takarda? Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta, tana da rassa a Kano da Kaduna, sai dai kaɗan ne suka san hanyarta. Muna kira ga Ma'aikatar Ƙwadago da ta fito da jami'anta masu duba wuraren aiki daga ofis su shiga masana'antu da gidajen mai da manyan makarantun kuɗi, inda ake da ma'aikata fiye da 25 amma ake biyan abin da bai kai na doka ba. Tunda dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, muna fatan idan an zauna a 2027 za a sake nazarin wannan iyaka ta mutum 25, wadda ta bar mafi yawan ma'aikata a rana. Su kuma NLC da TUC su tuna cewa ƙwadago bai tsaya a sakatariyar gwamnati ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da malami ɗaya zai faɗa a kore shi, malamai 20 za su faɗa a saurare su.

Daga ƙarshe, muna kira ga malamanmu da limamai da shugabannin kasuwanni da su sanya wannan batu cikin wa'azi da tarukansu, yadda ake yi wa awo da bashi da riba. Ma'aikaci ya nemi haƙƙinsa da ladabi, ya kuma tsare amanar da ke hannunsa. Maigida ya saurara ba tare da ɗaukar nema a matsayin raini ba, ya tuna cewa akwai ranar da shi ma za a tambaye shi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya sa mu dace.